Albasar Maraɗi da Shafin Bogi

Ranar Asabar da hantsi wani direba ɗan Maraɗi mai suna Anas ya yi sallama a ofishin Ƙungiyar Masu Ma'ajiya da ke bakin iyakar Jibiya, ya ce ya zo duba albasarsa. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Nagoggo, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Wace albasa?" Daga wannan tambaya zance ya lalace.

Anas ya rantse da Allah cewa jiya Juma'a ya sauke lodin mota guda a sabuwar ma'ajiyarsu ta hanyar Daddara. Ƙungiya kuwa ba ta da wata sabuwar ma'ajiya, a hanyar Daddara ko a wata hanya. Aka ɗunguma aka nufi wurin, sai ga wani tsohon shago da aka daɗe da watsarwa, ƙofarsa a wangale, cikinsa wayam. Ɓawon albasa ne kawai ke yawo a ƙasa, sai warinta da ya maƙale a bango.

"Wa ya ce ka kawo kaya nan?" in ji Alhaji.

"Hajiya mai kayan, can Maraɗi. Cikin salula ta gane ku, ta kira lambar da anka sa. Mutumin da ya ɗauka ya ce mata ya tahi jana'iza, amma mangaza, ma'ajiyar ke nan, na buɗe, 'yan dako na jira. Na iske su, munka sauke, na wuce masallaci. Ga shi nan, ku duba da idonku."

Ya miƙa wayar. Shafin intanet ne ɗauke da sunan ƙungiyar da hoton ƙofar ofishinsu, da rubuce-rubucen nan kan ciniki da ajiyar kaya waɗanda 'yan ƙungiya ke alfahari da su, ko da yake rabinsu ba su taɓa karanta ko layi ɗaya ba. A iya ganinsu, komai iri ɗaya da shafinsu na gaskiya. Lambar waya ce kaɗai ta bambanta.

Mutanen bakin iyaka ba sa jiran alƙali. Kafin a dawo ofis an gama shari'a a hanya: wanda ya iya yin na gaskiya shi ya yi na bogi, kuma mutum ɗaya ne ya iya, wato Mutmainna, matashiyar da ke kula wa ƙungiya da shafin. Wasu suka ce a kira 'yan sanda yanzu-yanzu. Alhaji Nagoggo, da yake ya yi zaman mutunci da marigayi mahaifinta, ya ce a'a, za ta zauna a gidansa wajen iyalinsa zuwa gobe Lahadi, ranar kasuwa. In kasuwa ta ci ba a ga albasa ba, shi da kansa zai miƙa ta ga hukuma.

*

Barira, mahaifiyar Mutmainna, ta faɗo gidan yayanta Bawa da mayafi a karkace, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

Duk wanda aka taɓa sace wa jaki ko raƙumi tsakanin Bugaje da Gangara ya san Bawa mai bin sawu. Gadon sana'ar ya yi, kuma bai taɓa bari a manta ba. In ka zauna kusa da shi sai ka ji labarin raƙumar da ya bi har cikin Nijar, tafiyar da ke ƙara nisa duk shekara. Tun da daji ya daina shiguwa aikin ya ja baya, sai ya koma zaman majalisa yana duba ƙafafun mutane yana faɗin inda suka fito, abin da ba kowane magidanci ke so ba.

"Yaya, sun riƙe mani ɗiya," in ji Barira. "Gobe za su kai ta caji ofis. Ka san garin nan. In ta kwana can sau ɗaya, ko an wanke ta ba ta wankuwa."

"Bar kukan nan," in ji Bawa yana lalubar sandarsa. "Albasa ba ta tashi sama. Duk abin da ya taka ƙasa sai ya gaya mani sunanshi."

Da ƙarfi ya faɗa, don ta ji sanyi. A ransa kuwa tsoro ne fal. An ce cikin waya aka yi laifin, shi kuma bai san inda ake durƙusawa a duba ƙasar waya ba. Akwai wani tsoron ma da ya fi wannan, wanda bai bari ya iso bakinsa ba: kada ya ɗauki sawu, sawun ya kawo shi ƙofar gidan ƙanwarsa.

*

Da ya isa tsohon shagon sai da ya riƙe baki. Rabin garin ya zo kallo, kowa ya tattake gaban ƙofar da ƙafafunsa masu albarka, har da mai sayar da rake da baronsa. Bawa ya yi musu faɗan da ya daɗe bai samu damar yi ba, sannan ya zagaya baya, inda rana ta hana 'yan kallo zuwa.

Can ƙasa ta yi magana. Amalanken shanu ne ya yi ta jigila daga ƙofar baya, ƙafafunsa sun nutse a yashi saboda nauyi. Ga sawun masu ɗauka birjik, suna kai da komo. A gindin wata aduwa kuma ga sawun mutum ɗaya da bai ɗauki komai ba. Tsayawa ya yi a inuwa yana kallo, silifa a ƙafarsa irin wadda kowa ke sayen ta a kasuwa, kuma in ya juya da dunduniyar hagu yake juyawa. Bawa ya auna tsawon sawun da tafin hannunsa. Ƙafar namiji ce, ƙatuwa. Ya sauke wata ajiyar zuciya mai ƙarfi har wani ɗan kallo ya tambaye shi ko lafiya.

Sai dai amalanken ya hau kwalta, kwalta kuwa ba ta riƙe wa kowa amana. Bawa ya bi gefen titi yana sunkuyo har ya ga inda wani amalanke ya sauka ya nufi gonakin Daddara. Ya waiga ya ce wa Anas da mutanen da ke biye da shi, "Ga ɓarawonku nan. Ku shirya igiya."

Suka yi ta tafiya cikin ranar bazara har bayan Azahar. A ƙarshen sawun suka tarar da wani dattijo yana sauke takin shanu a gonarsa, ya ɗago ya yi musu maraba, ya tambaya ko aikin gayya suka zo. Anas ya dubi takin, ya dubi Bawa. A hanyar dawowa Bawa ya bayyana cewa dama ya zo ne don ya cire wannan amalanken daga zargi.

*

A zauren Alhaji Nagoggo ya sami Mutmainna, idanunta sun kumbura, abincin da aka kawo mata yana gefe a rufe.

"Kawu, wallahi ban yi ba."

"Na sani. Ƙafarki ba ta je wurin ba. Amma gaya mani, in ba ke kika rubuta na bogin ba, ya aka yi maganarku ta zo ɗaya, kalma da kalma?"

"Kwafa aka yi daga namu, kowa na iya kwafa." Ta sunkuyar da kai. "Kuma Kawu, namun ma ba ni na ƙirƙire su ba. Saye na yi."

Bawa ya gyara zama. Shekara guda yana cika baki a majalisa cewa 'yar ƙanwarsa ce ke zuba wannan hikima daga kanta.

Ta yi masa bayani a hankali. Akwai mutane a ƙasashen waje da sana'arsu ke nan, su rubuta maƙaloli da yawa kan abu ɗaya, su ɗaure su dami guda su sayar, tare da izinin mai saye ya cire sunansu ya sa nasa, ya gyara yadda ya ga dama. Halal ne, da yardarsu ake yi. Ita takan juya su zuwa Hausa, ta cire abin da bai shafe mu ba, ta sa Jibiya da Maraɗi da irin kayanmu. Amfaninsu kuwa, in ɗan kasuwa ya buɗe waya ya tambayi Gugul yadda ake hana wake yin ƙwari, sai maƙalarsu ta fito a sama, ya shigo ya karanta, ya ga lambar ƙungiya, ya kawo ajiya. Yawan maƙalolinka masu amfani, yawan masu faɗowa shafinka.

"Wato tsaba kike watsawa, kaji na zuwa," in ji Bawa.

"Kamar haka ne, Kawu."

"To karanta mani na ɓarawon duka. Kada ki tsallake komai."

Ta karɓi wayar ɗaya daga matan gidan ta fara. Na farko nata ne, na biyu nata ne, har da inda ta ambaci rumfar masu dabino. Ta yi ta wucewa, sai ta tsaya cak.

"Wannan ba nawa ba ne. Yadda ake adana albasa kada ta ruɓe. Ban taɓa ganinshi ba." Ta ci gaba da karatu, Hausar a murɗe kamar ta wanda ya sha maganin mura, alamar inji ne ya juya ta. A ƙasa ta nuna masa wani layi, duk da halin da take ciki sai da dariya ta kuɓuce mata. An rubuta: Saka sunan kasuwancinka a nan.

"Duk maƙalolin daminmu da wannan layin suke ƙarewa, kai ne za ka goge ka sa sunanka. Ya manta bai goge ba. Kawu, daga daminmu wannan ya fito. Kuma shi ne ya jawo Hajiyar, don albasa ta nema, ni kuwa ba ni da komai kan albasa."

"Kin ce daminmu. Ke da wa?"

"Damin ya yi mani tsada ni kaɗai. Sai muka yi watanda, mu uku."

Bawa ya kalle ta. Watanda dai ya san ta tun yana yaro: a haɗa hannu a sayi sa, a yanka, a kasa nama kashi-kashi, a ja kara kowa ya ɗauki rabonsa. Bai taɓa jin an yi ta da rubutu ba.

"Dole a raba, Kawu. In shafi uku a gari ɗaya suka sa maƙala iri ɗaya, ɗaya ake nunawa a binne sauran. Ni da Ummu Salma mai turare da Badaruddeen mai sayar da waya. A shagon kwamfutar Zunnuraini muka haɗu, don shi ke da intanet mai ƙarfi. Badaruddeen ya kasa uku a tashi kwamfutar ba tare da mun ga abin da ke ciki ba, muka ja tsinken tsintsiya, ya tura wa kowa nashi. Ni da Ummu muka tafi."

Bawa ya miƙe yana jin ƙafafunsa sun yi sauƙi. Ashe ƙasar waya ma tana riƙe sawu. Ya tura mata kwanon abincin gabanta ya ce ta ci, ba ya son aiki da mai yunwa.

*

Ummu Salma ba ta bari ya gama tambaya ba. Ta fito da wayarta daga cikin kwalaben humra ta dangwara masa a hannu.

"Ga kasona nan, Baba Bawa, ka duba ɗaya bayan ɗaya. Me ya haɗa ni da albasa? Ni da nake korar wari, in je in sato mota guda tashi? Ku je ku tambayi direban nan. Wa ya ga ya sauke kayan in ba bakinshi ba?"

Wannan ma magana ce, amma Bawa ya ga sawun motar Anas ta shiga da nauyi ta fita fayau, ya kuma ga yadda mutumin ya kasa haɗiye ko ruwa tun safe. A kason Ummu Salma kuwa babu albasa.

Daga nan ya wuce shagon Zunnuraini, inda ake buga takardu ana cike wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Zunnuraini mutum ne mai fara'a, kullum cikin farar shadda. Ya tashi daga bayan teburinsa ya ba Bawa kujera, ya kawo masa ruwa mai sanyi, ya buɗe masa shafin bogin a babban allo don ya gani da kyau.

"Baba, in gaya maka gaskiya, irin wannan aikin 'yan can kudu ne. Suna zaune a ɗakinsu su yi maka ɓarna a nan, kuma ba a kama su. Damin nan duk duniya ake sayar da shi, kowa na iya saye. Ni tausayin yarinyar nake ji. Da za ta ba da haƙuri ta rufe shafin, mu taru mu roƙi Alhaji, da an kashe wutar."

"Ɗan kudu ya san tsohon shagon hanyar Daddara?" in ji Bawa.

"Ai suna da yara ko'ina, Baba."

Bawa ya sha ruwan ya yi godiya. Mutumin kirki, in ji shi a ransa, sai dai yana saurin yanke ƙauna.

Badaruddeen ne ya ba shi wahala. Tun daga nesa da ya hango sandar Bawa ya fara share gumi. Ya zubar da kwalin caja, ya kira Bawa Alhaji, ya dawo ya kira shi Malam.

"Ba ya cikin kasona, wallahi ba ya ciki! Ga shi ka gani. Ni ko amfani da nawa ban yi ba, suna nan yadda suka zo."

"Amma kai ka kasa. Kai kaɗai ka ga naman duka."

"Lamba na bi, ban karanta ba! Ɗaya nan, ɗaya nan, ɗaya nan. Baba, ina da iyali."

Bawa ya saci kallon ƙafarsa. Ƙatuwa ce, kuma silifa ce a ciki. Sai dai rabin mazan Jibiya haka ƙafarsu take. Ya bar shi yana rantse-rantse ya kama hanyar gida, ransa a jagule. Maƙala ta fito daga dami, dami an kasa shi uku, kuma ba ta cikin kason kowa. In ya ce Badaruddeen ne, da me zai kafa hujja? Tsoro kawai? Ai ko shi aka zo wa da irin wannan tambaya zai yi gumi.

Hanyarsa ta bi ta rumfar mahauta, ana ta kwashe kaya don Magariba ta gabato. Wani mahauci ya ɗauko kan sa da ƙafafuwansa huɗu ya jefa a buhu daban, ya ajiye gefe. Bawa ya wuce, ya yi 'yan taku, sai ya tsaya. Ya juyo ya daɗe yana kallon buhun, har mahaucin ya ce, "Baba, an riga an yi alkawarinshi." Bawa ya yi dariya shi kaɗai, ya nufi gidan Alhaji Nagoggo ya ce gobe da safe a tara masa mutane.

*

Da sassafe, kafin kowa ya iso, Bawa ya karɓi tsintsiya ya share yashin ƙofar ofis da hannunsa, ya yayyafa ruwa. Masu wucewa suka ce tsufa ya fara taɓa shi. Ya zauna a kan benci yana amsa gaisuwa, idonsa a ƙasa.

Aka hallara. Alhaji Nagoggo da dattawan ƙungiya a kan kujeru, Anas a tsaye ya harɗe hannu, Ummu Salma tana fifita da gefen mayafi. Badaruddeen ya zauna a bakin benci kamar mai shirin gudu. Zunnuraini ya zo a matsayin mai shaida, don a shagonsa aka yi rabon. Mutmainna tana gefe tare da matar Alhaji. A waje motocin kasuwa sun fara shigowa, kowa ya san abin da hakan ke nufi.

Bawa ya so ya fara da labarin raƙumar nan, amma ya dubi fuskar 'yar ƙanwarsa ya fasa. Ya bayyana yadda aka sayi damin rubutu, aka yi watanda, da maƙalar albasa da ba ta cikin kason kowa. Wani dattijo ya ce, "Au, dama saye take yi?" Alhaji ya ce masa shi ma buhunan da yake ajiyewa ba shi ya noma su ba, ya yi shiru a ji magana.

"Alhaji," in ji Bawa, "ka sha yin watanda. Ka taɓa ganin san da ya kasu daidai, ba saura?"

"Ina fa. Ai kai da ƙafa ba su shiga kashi."

"Wa ke ɗauka?"

"A unguwarmu, wanda aka yi aikin a gidanshi. Ladan wuri da ruwa da wuƙa."

Bawa ya juya ga Badaruddeen. "Jiya na tambaye ka kasonka, ka nuna mani kasonka. Laifina ne, ban iya tambaya ba. Da ka yi ɗaya nan, ɗaya nan, ɗaya nan, ya tashi daidai?"

Badaruddeen ya fara lissafi da yatsu. Sannu a hankali gumin fuskarsa ya fara komawa mamaki.

"A'a... biyu sun yi saura. Su Mutmainna sun riga sun tafi. Na ga mun sha wutar mutum da intanet ɗinshi, bai karɓi komai ba, kunya ta kama ni. Sai na ce ga kai da ƙafa nan, na tura mashi a waya." Ya ɗaga hannu ya nuna Zunnuraini. "Wallahi na manta da su sam. Wa ke lissafa kai da ƙafa cikin nama?"

"Shi ma abin da ya dogara da shi ke nan," in ji Bawa.

Zunnuraini ya yi murmushi, ya gyara hannun shaddarsa. "Haba Baba. An ba ni, ban musa ba. Amma ban ko buɗe su ba. Na gaya maka damin nan duk duniya ake sayar da shi."

"To buɗe su yanzu," in ji Mutmainna. Wannan ne karo na farko da ta yi magana. "In babu na albasa a ciki, ni da kaina zan bi Alhaji caji ofis."

Zunnuraini ya ce wayar ba caji. Badaruddeen, wanda ya sami bakinsa yanzu, ya ce ai saƙon na nan a tasa wayar, ya lalubo ya miƙa wa Mutmainna. Ta buɗe na farko, kan kiwon kaji ne. Ta buɗe na biyu, ta karanta kansa da Turanci, ta fassara wa jama'a: yadda ake adana albasa kada ta ruɓe.

Zunnuraini ya miƙe ya ce shi ba zai zauna a ci masa mutunci ba, ya juya zai fita.

"Tsaya nan inda kake," in ji Bawa. Ya nuna yashin da ya share da kan sandarsa. "Alhaji, zo ka gani. Duk wanda ya shigo nan na duba shi. Mutum ɗaya ne ke juyawa da dunduniyar hagu, ga ta nan ta haƙa rami, ga wata ya ƙara yanzu. Irinta na gani a gindin aduwa bayan shagon, inda mai kaya ya tsaya a inuwa wasu na yi mashi dako. Jiya a shagonka siminti kake takawa, shi ya sa ban gan ka ba."

Anas ya taka zuwa gaban Zunnuraini, aka yi sauri aka shiga tsakani. "Ba dukanshi zan yi ba," in ji direban. "Tambaya ɗaya gare ni. Ina albasar Hajiya? Rana na cin ta."

Zunnuraini ya dubi ƙofa, ya dubi jama'ar da suka cika ta. Farar shaddar ta jiƙe a baya. Ya koma ya zauna a ƙasa, ba a kan benci ba, ya ce tana kangon gidan da yake ginawa a hanyar Gangara. Yau ya so ya fitar da ita cikin hayaniyar kasuwa.

*

Tun kafin a kai kangon hanci ya riga ido. Buhunan suna jere a ɗakin da ba a yi wa rufi ba, an lulluɓe su da tsohuwar tamfol. Mutumin da ya wallafa wa duniya yadda ake adana albasa ya rufe ta ruf cikin zafin bazara, ba ta samun iska ko kaɗan. Allah ya taimaka 'yan buhunan ƙasa ne kawai suka fara laushi. Anas ya rungume buhu guda kamar ɗan'uwansa da ya dawo daga tafiya, ya kira Hajiya a waya yana ta faɗin "An gane ta! An gane ta!" har muryarsa ta dushe.

Aka tafi da Zunnuraini wajen hukuma. Dattawan da suka yanke hukunci jiya a hanya suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ce wa Mutmainna dama su zuciyarsu ba ta kwanta da zancen ba. Alhaji Nagoggo bai yi irin wannan ba. A gaban kowa ya ce, "Ɗiyata, mun zalunce ki, ki yafe mana. Shafi na hannunki, ki ci gaba da sayen damin, amma daga yau ƙungiya za ta saya maki shi ke kaɗai." Ta ce ta yafe, sai dai sai ta ga an sauke shafin bogin kafin ta tafi gida, kada wata Hajiyar ta sake faɗawa. Ta zauna a ofis ta fara rubuta ƙorafi ga kamfanin intanet ɗin da ya ba shafin bogin masauki.

Bawa bai jira ta ba. Mutane na kiransa ya zo majalisa ya ba da labari, abin da bai taɓa ƙi ba a rayuwarsa, amma ya ɗaga musu hannu ya wuce. Ya ratsa kasuwa da sauri, sandarsa ko ƙasa ba ta taɓawa sosai.

Barira tana tsakar gida a tsaye, murhu a kashe, ga alama tun jiya ba a hura shi ba. Da ta gan shi shi kaɗai sai ta dafe bango.

"Yaya... sun kai ta?"

"Hura wuta ki ɗora tukunya," in ji Bawa. "Tana nan tafe da ƙafarta, kuma Alhaji ya ba ta haƙuri a gaban duk garin."

Barira ta sulale ta zauna a kan turmi. Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ta rufe fuska da mayafi tana ta alhamdu lillahi. Bawa ya tsaya yana kallonta. Sai ya jingine sandarsa, ya durƙusa gaban murhun, ya fara jera mata itacen da kansa.